Allura Biyu da Kwatar Ƙofar Gidana

Ɗan kawuna ne, saboda haka tun muna yara nake da lasisin tsokanarsa, kuma ban taɓa barin lasisin ya mutu ba. Likitan dabbobi ne. Katanga ɗaya ce tsakanin shagonsa da gidana, kwatarsa kuma ta ƙofata take bi kafin ta faɗa babban lambatu. Shekara talatin da ɗaya ina shaƙar aikinsa.

Ni na raɗa masa suna Allura Biyu. Duk dabbar da aka kawo masa, tari take yi ko ɗingishi, ko kuwa mai ita ne kawai ya ga ta yi masa wani irin kallo, sai ta sha allura biyu, ɗaya a wuya ɗaya a cinya. Wurin mahaifinsa ya gaji hannun, kawun nawa ne ya buɗe shagon. Mutane ma haka suke so. Ka jawo akuya tun daga wancan layin, likita ya duba ya ce lafiyarta lau? To me ka zo yi? Sai an caka mata ta yi ƙara mai ita yake jin an yi masa aiki.

Shagon ɗaki ɗaya da rabi ne. A gaba akwai teburin ƙarfe, da kwabar magani mai gilashi, da firij na rigakafi. Rabin ɗakin na tarkace ne. A baya akwai rumfar da ake yi wa karnuka da tumaki wankan kaska, gefenta kuma rami, inda sirinji da fasassun kwalabe da maganin da ya lalace suke kwanciya. Ruwan wankan kaskar nan fari fat kamar madara, shi ke biyowa ta ƙofata. Sau uku ina kiwon agwagi, sau uku ina tsintar su ƙafa a sama.

Na ce masa, "Kai kaɗai ne likitan da ke kashe dabbar maƙwabta ba tare da an kawo masa ita ba."

Ya ce, "Agwaginki ne ba su da tarbiyya, Yaya. Sun biyo mai su, duk abin da suka gani sai sun sa baki."

A lokacin bakinsa na da kaifi. Ina ba shi ɗaya, ya ba ni biyu, kamar allurarsa.

Wanda ya riƙe shagon kuwa mutum ɗaya ne, Mai Kaji. Yana da gidan gona a bayan gari, kaji dubbai. Masu akuya da kyanwa cikon benci ne kawai. Duk zubin kaji sai ya zo ya lodi wata hodar magani ruwan ɗorawa da ake zuba musu a ruwan sha, da ciwo da ba ciwo, har jajibirin kai su kasuwa. Kowa a layin ya san ranar da Mai Kaji ya daina zuwa, ranar shagon ya fara mutuwa.

Matar Allura Biyu nake kira Amarya, har kanta ya yi fari tas ban canza mata suna ba. Ita ke share masa shago kullum da safe, da silifas ɗinta da suka cinye ta baya. Wata safiya wajen zubar da shara a bakin ramin nan, guntuwar kwalba ta shige mata dunduniya. Ciwon bai kai ƙwayar wake ba. Ta wanke, ta ɗaure da tsumma, ta ci gaba da sharar. Kwana shida ƙafa ta zama kamar turmi.

Kwana goma sha tara muka yi a asibiti. Ni ce mai jinya, shi kuma yana zaune a kujerar roba, hularsa a gwiwa. Rana ta goma sha biyar wata likita, yarinya ce sa'ar jikata, ta tsaya da takarda tana yi mana bayani. Ta ce ƙwayar cutar ta saba da magunguna, ba sa kama ta. Ta fara karanto waɗanda aka gwada. Ta faɗi na farko, ta faɗi na biyu. Kafin ta faɗi na uku ya faɗa mata. Na huɗu ma shi ya faɗa.

Ta ɗago kai. "Baba, kai ma likita ne?"

Ya ce, "Na dabbobi. Danginsu duk suna kwabata."

Amarya ta rasu ranar Talata da hantsi, ina cikin ɓare mata lemo.

Ba zan ce ramin ne ya kashe ta ba, ba kuma zan ce hodar ce ba. Ni ba likita ba ce, likitocin ma ba su ce ba. Shi ma bai taɓa faɗa da bakinsa ba. Na zuba ido in ga ya yi kuka. Ni kaina na nemi hawayen na rasa, sai dai in zauna ina kallon silifas ɗinta a bakin ƙofa. Da aka watse zaman makoki, sai na ji ƙarar shebur a bayan katanga.

Kwana huɗu yana tonon ramin, da safar hannu da awartaki, yana tsince allurai ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a jarkoki. Ya tono har kwalaben zamanin kawu. Ya ɗauki hayar mota ya kai su inda ake ƙona sharar asibiti. Daga nan ya kwaɓa siminti ya toshe bakin kwatar, ya gina wani rami mai daɓe da murfi, ruwan wankan kaska ya koma can.

Na leƙa ta katanga na ce, "Ka tsufa kana likita, yanzu kuma birkila ka koma? Ka bari in sami wanda zai koya maka riƙon cokali."

Ya ce, "To."

Na ce, "Ginin ma a karkace yake, kamar mai shi."

Ya ce, "To, Yaya."

Shekara sittin ina jifan mutumin nan yana ramawa. Yanzu in na jefa sai in ji kamar na jefa dutse a rijiyar da ba ruwa. Ban daina ba, don bakina ya saba, shi kaɗai yake tafiya ko ban tura shi ba.

Ya daina ƙulla magani a leda, sai a takarda. A bayan takardar yake rubuta kwanakin da za a jira kafin a yanka dabbar ko a sha nononta, kuma sai ya karanta wa mutum sau biyu. Kwabar nan ya sa mata kwaɗo. Wani ya kawo tunkiya, ya duba ta tsaf ya ce ta ci abin da bai karɓe ta ba ne, a ba ta ruwa da inuwa. Mutumin ya tsaya yana jira. Da ya ga ba allura, ya ja igiyarsa ya tafi kantin da ke bakin kasuwa, inda ake sayar wa mutum duk abin da ya nuna da yatsa. Haka bencin ya riƙa raguwa. Ni na koma zama a kai, don kada ya yi kewa.

Ina zaune ina ɗinke bakin zane wata safiya, motar Mai Kaji ta tsaya. Ya fito da tumbinsa, ya yi gaisuwa, ya ƙara ta'aziyya, sannan ya ce a fito da kaya kamar kullum.

Allura Biyu ya ce, "Ba su da lafiya ne?"

"Lafiyarsu ƙalau. Ai don kada su rasa ta ne."

"Yaushe za su kasuwa?"

"Sati mai zuwa."

"To ba zan ba ka ba."

Mai Kaji ya yi dariya, ya dube ni. "Hajiya, ɗan'uwan naki ya fara wasa irin naki?"

Na ce, "Ina ma. Ni nawa wasan ana dariya a ƙarshe."

Allura Biyu ya ce, muryarsa kamar mai karanta takardar wani, "Mu je in ga ɗakunan. A rage musu cunkoso, a buɗe musu iska, a riƙa canza shimfiɗa, in yi musu rigakafi a kan lokaci. Wadda ta kamu in yi mata magani, a ware ta, a jira kwanakinta. Zan riƙa zuwa da ƙafata."

"Likita, kaza ce fa, ba surukarka ba. In suka zube mini a mota, kai za ka tashe su? Shekara ashirin kana ba ni abin nan da hannunka."

"Na ba ka."

"To me ya canza?"

Idonsa na kan tsintsiyar Amarya da ke jingine a lungu, wadda tun ranar ba wanda ya taɓa ta.

Na so in sa baki, don na san abin da ke shirin fita ta ƙofar nan. Na ce, "Kai Allura Biyu, ka ba bawan Allah hodarsa. Tsufa ya zo, wa zai riƙe ka? Ni dai ba na ciyar da gardi."

Ya juyo ya dube ni sosai, karo na farko tun asibiti. Ya ce, "Yaya, ke ma kina cin kaza."

Ba a taɓa rufe mini baki ba sai ranar. Mai Kaji ya karkaɗa makullin motarsa ya ce ba komai, gari da faɗi. Ya yi sallama cikin mutunci. Bai sake dawowa ba.

Wata uku bayan nan Allura Biyu ya saki ɗakin gaba, wani tela ya kama. Teburin ƙarfen kawu ya koma rumfa, kwaba da firij suka matse a rabin ɗakin tarkace. Allon shagon ma an sauke, yana jingine a bango ta ciki. Masu zuwa ba su da yawa. Akwai wata mai shanu biyu da ta ce shi kaɗai ne bai taɓa sayar mata da abin da ba ta buƙata ba, da wani malamin makaranta mai tsohon kare, da 'yan tsiraru irinsu. Yakan wuni bai buɗe kwaɗon kwabar ba. Ba ya ƙorafi, ban kuma ga alamar yana jin daɗi ba. Yana zuwa, yana aiki, yana komawa gida.

Kwatar ƙofata ta bushe, har ciyawa ta fito a ciki. Wani lokaci in na fito da safe hancina kan nemi warin nan ya rasa.

Rannan na ji ana taɓa ƙofa. Na buɗe na gan shi da kwali a hannu. Ya ajiye a bakin kwatar ya buɗe. 'Yan agwagi ne guda biyu, suka fito suna tangaɗi, suka shiga ciyawar suna tsattsaga.

Na ce, "Biyu? Ka kashe mini tara, ka biya da biyu? Allura nawa ka yi musu?"

Ya ce, "Ko ɗaya."

Yau watansu biyar. Sun yi ƙiba, sun yi rashin kunya, sun biyo mai su. Kullum da safe kafin ya shiga rumfa sai ya tsaya a kansu, hannunsa a baya, ya ƙare musu kallo. In ce masa suna nan da rai, kada ya sa musu ido. Ya ce to, ya wuce.