Iya Kinu Mai Rigunan Gobara

Nagase Kinuyo ta ɗinka wa ƙauyen Kurasawa rigunan kashe gobara shekara hamsin da huɗu. Bana ta ajiye allura. Ba wanda ya rubuta, shi ya sa na rubuta.

Iya Kinu kowa ke kiranta, har mu da ba ta ba mu shekara biyar ba. Gari na wayewa take hura murhun tsakar ɗaki, ta ɗora butar shayi, ta ja matashinta bakin tagar gabas. Ba ta ɗinki da lantarki, wai yana yi wa ido ƙarya. Ƙyalle uku masu shuni take haɗawa, ɗaya kan ɗaya, ta bi su da farin zare. Kowane ɗinki bai fi ƙwayar shinkafa ba. Layi bayan layi, har rigar ta yi kaurin da in an ajiye ta za ta tsaya da kanta. Riga ɗaya takan cinye mata lokacin sanyi sukutum, daga zubar dusar ƙanƙara zuwa narkewarta.

Gidajenmu na jinka ne, wasu sun haura shekara ɗari uku. Tartsatsi ɗaya ya ishe su. Kafin mutum ya tunkari wuta sai an sheƙa masa bokitin ruwa, kuma ɗinkin ne ke riƙe ruwan. In ɗinki ya yi faɗi, ruwa ya tsiyaye, mutum ya gasu. Gwamnati ta aiko da rigunan zamani masu ƙyalli, suna can rataye a ɗakin famfon kashe gobara. Amma in ƙararrawa ta buga, abin da ke bakin ƙofarka shi kake sura.

Wajen rigar ba ado, sai sunan ƙauye. Adon yana ciki. Ba a juya riga ciki ya koma waje sai an ci wuta, an kashe ta. Sannan mutum ya juya ta, ya ratsa gari da zanensa a baya. Ita ke zaɓen zanen, ba mai riga ba. Gonda mai shagon taliya, wanda bakinsa ba ya hutawa, damisa ya roƙa. Da ya karɓi riga ya leƙa ciki, sai ga kwaɗo.

"Iya, damisa fa na ce!"

"Na ji ka. Duk ƙauyen nan ma sun ji ka. Shi ya sa na yi maka kwaɗo."

Ni zanen ƙaguwa ta yi mini. Ban tambayi dalili ba.

Shekarar da jinkar rumfar ƙararrawa ta haikali ta kama, da rana tsaka, bayan girbin shinkafa, Gonda ne a saman tsani. Ina riƙe da gindin tsanin. Damin bunu mai ci da wuta ya sulluɓo ya sauka a gadon bayansa. Rigar ta yi tururi kamar tukunya, ba ta kama ba. Da wuta ta mutu ya juya ta, ya zaga gari sau biyu, har da lungun da ba kowa. Tun ranar ba mai taɓa kwaɗo a gabansa.

Ke ce kika hau tsanin nan, Iya Kinu, ko da yake ƙafarki ba ta bar tabarma ba. Mai allura ɗaya, garkuwar gida arba'in.

Daga baya motocin baƙi masu yawon buɗe ido suka fara zuwa. Su ɗauki hoton jinka, su ɗauki na haikali, su ci taliyar Gonda. Matan cikinsu masu son ɗinki sai su gangara barandarta da guntayen ƙyallayensu. Ba ta jin harshensu, ba ta kuma nemi ji ba. Wadda ta yi daidai ta samu shayi. Wadda ta ƙulla zare kuwa, sai ta ɗan buge mata hannu ta warware. Ƙulli yana cin kafaɗar mai riga. Allura ake mayarwa baya sau uku. Wata doguwar mata daga ƙetaren teku ta dawo shekara huɗu a jere, a ta ƙarshe da bargon da ta harhaɗa, zanen rufin gidajenmu duk a jiki. Mutane suka taru suna yaba fuskar bargon. Iya Kinu ta kife shi, ta bi bayan da yatsa tun daga wannan baki har wancan. Ba ƙulli ko ɗaya. Ta gyaɗa kai, ta zuba shayi. Matar ta fashe da kuka.

Ran takwas ga watan biyu mata kan kai karyayyun alluransu haikali, su soke su a jikin awara, don wadda ta sha wuya a ƙyalle mai tauri ta huta a wuri mai laushi. Bana Iya Kinu ta soke lafiyayyiyar allura. Haka muka san ta daina ɗinki. Hannu ya fara rawa, ita kuwa ba ta yarda da ɗinkin da ya karkace.

Riga ɗaya ta gama kafin nan, ta ƙarshe. Ta Shimazaki Norio ce, mutum mai shekara arba'in da 'yan kai, wanda ya baro birni tare da matarsa ya gyara tsohon gidan da ke bakin gada. Shekara uku yana ɗaukar tiyo tare da mu, yana hawa jinka ranar gayya, amma har yau Baƙon Birni ake ce masa. A nan, wanda ba shi da rigar Iya Kinu a bakin ƙofa, kwana kawai yake yi a ƙauyen. Ya sani. Bai taɓa buɗe baki ya roƙa ba.

Hashizume, shugaban kwamitin baƙi, shi ma yana son rigar. Ya sa an ƙera akwatin gilashi a gidan tsohon dagaci, inda baƙi ke shiga kallo, da fitila a sama da sunanta a kan allo. Mutumin kirki ne, karrama ta yake nufi. Norio da kansa ya ce a kai ta akwatin, ai shi ba ya gaggawa. Ya faɗa yana kallon ƙasa.

Ranar sallamarta muka taru a gidan dagacin, kowa cikin rigarsa. Limamin haikali ya ba mu izini, muka juya su ba tare da gobara ba, karo na farko. Kwaɗo, ƙaguwa, kifi, zomo, gora, wani ma dankali. Gonda ya tashi zai yi jawabi, aka ja shi ya zauna.

Mun gode, Iya Kinu. Ban iya dogon zance ba. Bayanmu ba tabo, jinkarmu na tsaye. Ku kuma matan da kuka sha bugun hannu a barandarta, allura ba ta ƙare a kanti ba. Ku zauna bakin taga. Ku gyara bayan aiki kamar fuskarsa, ko ba mai kifewa ya duba.

Da aka gama tafi, Hashizume ya durƙusa gabanta, ya sunkuya har goshinsa ya kusa tabarma. Rigar ta ƙarshe na naɗe a cinyarta.

"Iya, dubban mutane za su gan ta. Ba ƙura, ba asu. Shekara ɗari tana nan yadda take."

"Gilashin naka yana jin zafin wuta?"

"Iya..."

"Norio, matso. Miƙo hannu. Ɗayan, kai! Ka taɓa sa riga kuwa?"

Rigar ta zauna masa cif a kafaɗa. Ya kai hannu zai leƙa ciki, ta buge hannun.

"Sai ka ci wuta."

Hashizume bai tashi ba. "To ko aro, Iya. Wata uku kacal, lokacin da baƙi suka fi yawa."

Ta ɗauki kofin shayinta da hannu biyu, ta kurɓa.

"A'a. Ban ɗinka wa akwati ba."