Motar da wana ya kora

Wana ya kori motar da ta zo ɗaukar ɗana zuwa asibiti, don kawai an liƙa tutar jam'iyyar da ba tashi ba a jikin gilashinta. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma ya yi mani haka.

Lokacin ne aka buɗe jam'iyyu, ƙauyenmu da ke kusa da Cadawa ya rabe biyu. Kowa da rijiyar da yake ɗiban ruwa, kowa da mahaucin da yake sayen nama wurinshi. Ni ban shiga ko ɗaya ba. Lakol ɗin ma, makarantar boko, ban yi nisa ba aka maido ni gona, ina ni ina gardamar dimokuraɗiyya? Wana kuwa, shi ne babban gandunmu tun rasuwar tsoho, ya shiga har wuya.

Ɗana na fari yana kwalej a Agiye. Shekarar nan yajin aiki ya cinye karatu, ya dawo gida. Da farko shiru ne. Daga baya ya daina barci, yana magana da wanda ba mu gani, rannan aka tsinto shi bakin kwalta ba riga. An yi rubutu, an yi hayaƙi, abu sai gaba. Wana ya ce a sa shi turu kafin ya faɗa rijiya. Aka kawo gungume aka huda, aka zura ƙafar yaron, aka ajiye shi a bukkar da ke bayan rumbuna.

Ashe a Cadawa akwai wani tsohon majo, wato babban ma'aikacin asibiti da ya ajiye aiki, shi da wasu malaman lakol da mata ƴan kasuwa. Da kaka suna bin gidaje, wannan ya ba da damen gero, waccan tiyar wake, su sayar, su kai samarin da kansu ya taɓu asibitin Maraɗi, su saya masu magani. Malamin lakol ɗin da ya koyar da ɗana, wanda muke ce ma mushe, ya ji labari, ya sa shi cikin waɗanda za a kai. Ba su da mota, sai suka aro ta wani alhaji. Alhajin nan ɗan ɗaya jam'iyyar ne.

Ranar da suka zo na tafi kasuwa da awaki. Matata ta ji komai ta bayan danga. Mushe ya yi sallama ya faɗi abin da ya kawo su. Wana ya dubi gilashin motar ya ce, "Ku juya. Gidan nan ba ya cin sadakar ƴan adawa."

Mushe ya ce, "Baba, motar aro ce. Geron da ya biya man, har da na mutanenku a ciki."

"Gobe ku hau lasifika ku ce kun warkar mana da mahaukaci? Ku juya, na ce."

Suka juya, suka ɗauki wani yaro daga wajen Gazawa. Washegari na je Cadawa, majo ya riƙe mani hannu ya ce abin da suka tara ya ƙare, sai kaka kuma.

Haka ɗana ya yi damina a turu. Ina noma ina jin muryarshi daga gona. Ƙafar ta yi gyambo, uwarshi na kore ƙuda da mafici tana kuka. Wana yana wucewa ta gefen bukkar zuwa taron jam'iyya, ko leƙawa.

Da aka yanke gero ban shawarci kowa ba. Na sa gatari na fasa gungumen, na ɗora yaron kan amalanke har kwalta, inda mushe ke jiranmu. A Maraɗi likita ya ce mani, "Malam, ƙwaƙwalwa ma nama ce, tana ciwo kamar hanta. Ba mu gama saninta ba, ana nan ana bincike, amma wanga ciwo muna da abin da ke kwantar da shi." Aka yi mashi allura. Ya yi barcin da har na riƙa kai hannu hancinshi in ji ko yana numfashi.

Wata safiya ina zaune bakin gadon ya buɗe ido ya ce, "Baba, an kai geron rumbu?" Na ce an kai. Ya ce, "To a samo mani fura, amma ban da tsami." Na fita neman mai fura ina dariya ni kaɗai, mutane na kallona kamar ni ne majinyacin.

Ya dawo gida da ƙwayoyinshi. Yana ɗingishi kaɗan, bai koma lakol ba, amma yana noma, yana gyaran keke a gindin iccen bedi, yana tsokanar ƙannenshi. Ni kuma duk kaka damena na farko bayan zakka Cadawa yake tafiya.

Da zaɓe ya matso, sai ga wana a ƙofata da safe. Ya ce, "Kai, ina yaron nan? Ya shirya, zai hau motarmu zuwa Agiye. Jama'a su ga yadda addu'armu ta ci."

Na aje igiyar da nake tufkawa na miƙe. Ban taɓa miƙewa ina yi mashi magana ba.

Na ce, "Yaya, yaron nan ba inda za shi. Damina guda yana kiran sunanka daga bayan rumbu, ba ka amsa ba. Na gode Allah ya tashi, kuma ba da hannunka ba. Gaisuwa ba zan fasa ba, gawarka ma zan ɗauka in ka riga ni. Amma ka kira dattawa a raba mana gona kafin ruwa ya sauka. Daga yau maganar ƴaƴana a bakina take."