Na Bar Giya, Ban Ajiye Jita Ba

Shekarata goma sha tara a lokacin, ni ce 'yar autar wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi da ke sayar da kaya sari a Aubervilliers, a gefen Paris. A Stains muke zaune, nan kusa, a bene hawa na takwas. Ranakun aiki ina taya Baba tsaron mangaza, wato shagonsa, ƙarshen mako kuma ina kaɗa jita a wata ƙungiyar kiɗan pank. Mu huɗu ne, ni kaɗai ce mace, ni kaɗai ce baƙa. Ga wanda bai san pank ba, kiɗa ne mai sauri da hayaniya, na matasan da ransu ya ɓaci da yadda duniya ke tafiya. Ni kuma raina a ɓace yake, don na gaji da kallon da ake mini a metro, jirgin ƙasan cikin gari.

Ba daɗin giya ne ya ja ni ba, gori ne. Duk sanda aka miƙo mini kwalba na ƙi, sai mawaƙinmu ya ce da ma ya sani, 'yar Musulmi ba ta iya motsi sai da izinin ubanta. Don in rufe masa baki na fara kurɓa. Kafin shekara ta zagayo na fi su duka sha, na haɗa da ƙwaya. In zan shiga gida sai in cika baki da cingam in wuce ɗaki. Ina ganin kamar 'yanci na ƙwato, alhali umarnin wani nake bi.

Wata Lahadi aka gayyace mu wasa a Lyon, cikin wani tsohon sito, da la'asar. Tun a mota na fara sha. Da muka hau dandali yatsuna suka ƙi bin tsirkiya, a waƙa ta uku na taka gefen katako na faɗo ƙasa a kan hannuna na hagu. Na ji ƙarar ƙashin da kunnena. Abokan nawa sun raka ni asibiti, suka zauna kamar rabin awa, sannan suka ce motar haya ce, dole su mayar da ita Paris. Suka tafi, har da jitata.

Wadda ta zauna da ni ban ma san ta ba. Makaɗiyar ganga ce a ƙungiyar da ta yi wasa kafin mu, 'yar Lyon, ta girme ni da kusan shekara goma. Ita ta riƙe mini roba ina amai. Na ga ta zana alamar X da baƙar tawada a bayan hannunta, na tambaye ta. Ta ce su ne ake kira straight edge, 'yan pank da suka yi wa kansu alkawarin ba giya, ba taba, ba ƙwaya. Ta ce ba wanda ya tilasta mata, ta dai ga an binne yayanta saboda ƙwaya, ta rantse masu sayar da ita ba za su ci ribar ranta ba. Ita ta matsa mini sai da na kira gida.

Washegari Baba ya iso a jirgin ƙasa. Likita ya riga ya faɗa masa abin da aka gani a jinina. Na shirya wa faɗa, amma bai ɗaga murya ba. Ya dubi hannuna da aka ɗaure, ya ce, "Auta, ina mutanen da kika zo da su?" Har muka koma Paris bai ƙara cewa komai ba, kuma da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Barin giya da ƙwaya bai zo da sauƙi ba. Na yi makonni ina rawar jiki da gumi, sau ɗaya na koma, na sake tashi. Da na je karɓar jitata, mawaƙin nan ya yi dariya ya ce ashe tsoho ya ci ni da yaƙi. Na ce masa ni na ci kaina da yaƙi, ya nemi wata baiwar. A gida kuma gwaggona ta tara mata suka ce tunda Allah ya shirye ni, sai in ƙona jitar, don kiɗan ne ya lalata ni. Na ce musu cikin ladabi jita ba ta taɓa zuba mini giya a baki ba, ni na zuba. Har yau wasunsu ba sa amsa gaisuwata a biki. Ban damu ba.

Yau shekara shida ke nan ban kurɓa ba. Hannun bai koma daidai ba, in sanyi ya shigo yana mini ciwo, amma ina kaɗawa a sabuwar ƙungiya, kuma duk wasa nakan zana tawa alamar kafin in hau. Baba bai taɓa zuwa kallo ba, ba na kuma jin zai zo, sai dai shi ke sauke ni a tasha duk sanda za ni Lyon wasa.

Ina nadamar shekarar da na ɓata da baƙin cikin da na sa wa iyayena, amma ba zan roƙi gafarar kowa don ina kiɗa ba. Ku ƙannena da ke tasowa a ƙasar nan, ku yi hattara da mai ce muku sai kun sha za ku zama wayayyu. Ba 'yanci yake ba ku ba, so yake ku zama irinsa. Ku kalle shi ido cikin ido ku ce a'a, ko da ku kaɗai ne a ɗakin.