Salansar da Ta Maƙale a Bakin Get

Ranar Alhamis, tara ga watan Oktoba, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda unguwa ta fi sani da Mai-Kunne, yana da shekara sittin da bakwai. Ya rasu a zaune a kan kujerarsa, gefen tagar falo mai kallon gareji, bayan wata bakwai yana fama da ciwon zuciya. An yi masa sutura bayan la'asar. Mu na Allah ne, kuma wurinSa muka nufa gaba ɗaya.

Yaya, ba ka son dogon bayani, saboda haka zan faɗi abin da na gani kawai.

Shekara talatin da ɗaya ka yi kana tuƙa motar ma'aikatan kamfanin saƙa, ba ka taɓa buge ko akuya ba. Sunan Mai-Kunne kuwa abokan aikinka ne suka laƙaba maka, domin mota tana wucewa kake faɗin ciwonta. Na taɓa ganin ka tashi daga cin abinci, hannu ba wanki, ka tsayar da malamar makarantar da ke maƙwabtaka da ku, ka ce kada ta hau babban titi sai an duba mata birki. Ta yi fushi don ta makara. Da yamma ta dawo da kanta ta yi godiya, ta ce makanike ya nuna mata abin da ya rage na birkin, bai kai kaurin farce ba.

Ƙaramar motarka mai launin toka ita ce motar unguwa. Ta kai masu naƙuda asibiti, ta kai ɗalibai tasha da akwatunansu, ta raka gawa fiye da yadda zan iya tunawa. Ranar da aka kira ni ganawar neman aikina na farko a gidan jarida, kai ka kai ni. Masu gadi suka ce ba a tsayawa a bakin ofishin. Sai ka buɗe murfin injin, ka leƙa kai ciki, ka yi awa biyar cikin zafin rana kana gyaran motar da ba abin da ya same ta, don kawai in na fito in tarar da kai. Da na fito ba ka tambaye ni yadda aka yi ba. Ka ce, "Auta, shiga, na gaji da yi wa lafiyayya magani."

A watan Maris numfashinka ya ɗauke kana riƙe da sitiyari. Allah Ya taƙaita, a hankali kake tafiya. Motar ta hau dakalin gefen titi ta tsaya, tsohuwar salansarta, wadda tsatsa ta riga ta cinye, ta tsage daga tsakiya. Likita ya ce tuƙi ya ƙare. Aka jawo motar zuwa gareji, matarka Anti ta zare makullin ta jefa cikin jakarta.

Daga ranar duniyarka ta koma ɗaki, falo da gareji. Kai da kanka ka ƙirga: taku goma sha huɗu daga gado zuwa kujerar taga, tara daga kujerar zuwa ƙofar gareji. Ƙafafunka suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Mutumin da ya san kowane rami a titunan gari ya koma sanin kowace tsaga a bangon falo. Sau biyu a wata ana kai ka asibiti a tasi, a kujerar baya, amma ka ce wannan ba fita ba ce, kai kaya ne. Anti ka sa mata suna Gandiroba. In ta kawo magani ka ce, "Ranki ya daɗe, saura shekara nawa a hukuncin?" Ita kuma ta ce, "Sha dai, fursuna, surutu ba ya rage wa'adi." Muna dariya, amma na lura in mota ta wuce a titi maganarka takan yanke, kanka ya bi ƙarar har ta ɓace.

Tsakiyar Yuli wani dogon kwali ya iso gidan. Ta waya ka yi odarsa ba wanda ya sani. Sabuwar salansa ce, ba ta kamfanin motar ba, irin wadda ake saye daban a ɗaura: farin ƙarfe da ba ya tsatsa, bututunta ya fi na asali faɗi, gida uku, da maɗauranta da robobin da ake rataye ta da su. Ka kira ni ka ce ba za a kai wa makanike ba. A gida za a ɗaura, kai ne kai, ni ne hannu.

Kafin in shiga gareji Anti ta ja ni kicin ta rufe ƙofa. Ta ce, "Auta, ka taya shi, yana rage masa tunani. Amma don Allah kada ka gama. Ranar da motar nan ta tashi, zai lalubo makullin ko a ina na ɓoye, kuma wannan karon ba dakali zai hau ba." Na duba fuskarta na ga wata huɗu na rashin barci. Na ce to.

Haka na shiga tsakaninku, kuma ban sami hanyar fita ba. Kowace Asabar da hantsi nakan shimfiɗa kwali in kwanta a ƙarƙashin motar, ƙarfe yana tazarar tafin hannu da hancina, garin tsatsa yana zubo mini a ido. Kai kana kan kujerar roba, ba abin da nake gani sai ƙafafunka cikin silifa. Daga nan kake ba da umarni. Ka hana ni shiga ƙarƙashi sai an ɗora motar a kan turakun ƙarfe, ka ce jak ɗagawa yake yi, ba ya riƙon amana. Ka koya mini in jiƙa noti da mai in bar shi ya sha kafin in sa sufana. Da ɗaya ya ƙi, ka ce in yanke shi da zarto, kada in yi gardama da tsatsa.

Doka guda ce ka fi nanatawa, har na haddace ta. Salansa mai gida uku ba a ɗaure ta gida-gida. Sai a rataye duka ukun a sake, kowane noti da hannu kawai, a girgiza, a juya, a ga kowane bututu ya zauna inda ya dace kuma ya ɗaga daga ƙasa yadda ya kamata, sannan a bi su da sufana daga gaba zuwa baya. Ka ce wanda ya ɗaure na farko tam tun da wuri, ya yanke wa sauran hukunci.

Aikin yini guda ne. Na ja shi Asabar goma sha ɗaya. Wata rana na ce na manta sufana mai lamba goma sha huɗu a gida. Wata rana na ce man bai gama ratsa notin ba. Sau biyu na ce bayana ya riƙe. Na cire abin da na ɗaura makon jiya na ce ban gamsu da shi ba. Ba ka taɓa ɗaga mini murya ba. Sai dai ka ce, "To, Allah Ya kai mu Asabar," ka dafa bango ka koma kujerar taga. Ni kuwa in wanke hannu in tafi, ina jin kunyar haɗa ido da kai, ina jin kunyar haɗa ido da Anti in na yi saurin da ya wuce yarjejeniya.

A Asabar ta goma sha biyu, huɗu ga Oktoba, ina kwance ina buga sufana a jikin ƙarfe don a ji kamar ana aiki, sai na ji muryarka a hankali.

"Auta, shekara talatin injina suna yi mini ƙarya ina kama su. Kai ne za ka wuce?"

Na ajiye sufanar a kan kwalin.

"Sufanar da ke kwance noti da wadda ke wasa ba ƙararsu ɗaya ba. Tun makon farko na sani. Ba tuƙi nake nema ba, wallahi. Kai ka tuƙa. Ni dai in zauna a gaba, a motata, in ji ta a kan kwalta sau ɗaya."

Ashe Anti tana tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwan maganinka. Daga inda nake na ga ƙafafunta sun juya sun koma ciki. Da ta dawo, makullin ne ya faɗo a kan kwalin kusa da kunnena. Ta ce, "Zuwa gada ku dawo. Kuma a hannun Auta zai zauna, ko taɓa shi kada ka yi, fursuna."

Ka shiga ciki ka yi azahar, maganin ya sa ka barci kamar yadda ya saba. Aka bar ni ni kaɗai da aikin da na ɓata wa wata uku, ina so in gama shi kafin ka farka. A nan na yi kuskuren. Na sa bututun gaba na ɗaure shi tam, don in ji na gama da abu ɗaya. Na sa na tsakiya na ɗaure. Da na zo na baya sai ya ƙi haɗuwa daidai, na danna shi da gwiwa, na ja roba da ƙarfi har ta shiga. Na ga tukunyar da ke jikin bututun tsakiya ta ɗan sauko ƙasa, kamar faɗin yatsu biyu. Na ce yatsu biyu ba komai ba ne.

Bayan la'asar ka fito cikin farar riga mai guga da hula, ka fesa turare, ƙafa cikin silifa. Muka buɗe ƙofar gareji da get gaba ɗaya saboda hayaƙi. Na riƙe ka ka zauna a kujerar gaba. Da na murza makulli motar ta amsa da wata murya mai kauri, a natse, wadda ba ta taɓa yi ba. Ka rufe ido. Ban taɓa ganin fuskarka haka ba tun watan Maris.

Na sa giyar baya. A bakin get akwai ɗan tudun siminti, wanda kai ka gina da hannunka shekarun baya don hana ruwan sama shiga gida. Tayoyin baya suka hau suka sauka. Sai ƙarfe ya ci siminti, motar ta tsaya cak. Bayanta yana kan titi, gabanta yana cikin gida. Kujerar da kake zaune ba ta ƙetare get ɗin ba.

Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Da ya lafa ka ce, "Ka ɗaure tun daga na farko ko?"

Na ce, "Eh, Yaya."

"Na ji tun da ka tayar. Tana ɗan huci a haɗi na biyu."

"To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na ce ko za ta yi mana alfarma."

Na ce bari in nemo katako in shimfiɗa, ko in taka mai mu wuce da ƙarfi. Ka ce a'a, za ta lotse, ba a yi wa sabon abu haka. Kafin in sake magana Anti ta ga leɓɓanka sun sauya launi. Na mayar da motar ciki, muka riƙe ka zuwa kujerar taga. Kana haki ka ce, "Sassauta duka, ka sake. Asabar mai zuwa."

Zan iya zuwa ranar Lahadi. Zan iya zuwa ranar Litinin bayan an tashi aiki. Amma wata uku na saba da cewa Asabar, sai na ce Asabar. Ranar Alhamis aka kira ni ina ofis. Anti ta ce ta kawo maka shayi ta tarar kanka ya jingina da ƙarfen taga, fuskarka tana kallon gareji.

Bayan masu gaisuwa sun ragu na koma ƙarƙashin motar. Na sassauta kowane noti, na girgiza, na juya bututun gaba kaɗan, sai tukunyar ta hau wurinta da kanta. Na ɗaure daga gaba zuwa baya. Minti arba'in ya ɗauke ni. Motar ta haye tudun ba ta taɓa komai ba. Na je gada na dawo, gilashin gefenka a buɗe, kuma ban ji huci a haɗi na biyu ba, iyakar abin da kunnena zai iya ji.

Da na dawo Anti tana zaune a kan kujerar robarka a gareji. Ta ce, "Da na sani da na ba da makullin tun Yuli." Abin da ban iya faɗa mata a lokacin ba, bari in rubuta shi a nan. Anti, ke tsoro ya sa kika riƙe makulli, kuma tsoronki yana kan gaskiya; kin ga motar a kan dakali, ni ban gani ba. Da kika ji abin da yake so, ba ki ƙara minti biyu ba kika ba da shi. Yatsu biyun nan laifina ne, kwana biyar ɗin da suka biyo baya ma laifina ne. Kuma ki sani, duk ranar da kika fita kasuwa, in na tambaye shi ina Gandiroba, sai ya ce, "Ta fita, gidan yarin ya zama ba daɗi."

Ina miƙa ta'aziyyata gare ki, da 'ya'yanku huɗu, da jikoki, da tsofaffin abokan aikinsa da suka zo da sanduna suka tsaya a sahu, da duk wanda motar nan mai launin toka ta taɓa ɗauka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa.

Yaya, ka yafe mini Asabar goma sha ɗaya da na ci maka, da ta goma sha biyu da na yi gaggawa. Allah Ya gafarta maka, Ya sa jinyar da ka yi ta zama kaffara, Ya saka maka da alheri kan kowane mutum da ka rage wa hanya. Ka yi wata bakwai tsakanin taku goma sha huɗu da taku tara. Allah Ya yalwata maka kabarinka iyakar ganin idonka, Ya haskaka shi, Ya buɗe maka ƙofa zuwa Aljanna wadda ba abin da zai tare ka a bakinta. Amin.