Takalman Sojan Kamaru

Ƙarfe goma na safe ne, ranar Laraba, don a kunnenmu aka buga ƙarfen tashar jirgi. Mu uku ne a rumfata a Tudun Wada: ni da nake dukanci, da limamin unguwarmu wanda ya kawo gyaran gafaka, da wani masinjan bariki da ban taɓa gani ba. Lokacin yaƙin Jamus ne, ana kwasar soja zuwa Kamaru, ƙanena yana cikinsu.

Masinja ya yi doguwar gaisuwa. Tun daga nan na fara zarginsa, don mutanen bariki ba sa jan gaisuwa a banza. Sannan ya ce ana son takalma na sojan da za su tafi, manya da matsakaita, a zuba a buhu.

Na ce, "Na ƙafar wa?"

Ya ce, "Haba Malam, ƙafar 'yan'uwanka mana. Ko so kake ƙaya ta cinye su?"

Liman bai ɗaga kai ba, ya ce, "Wanda ya wasa wa mahauci wuƙa, da shi aka yi yanka."

Masinja ya ce, "Allah gafarta Malam, takalmi ai ba ya harbi."

Liman ya ce, "Shi ke kai mai harbin."

To, a gidanmu ba a yanka takalmi sai mai shi ya zo ya taka fata, an zagaye ƙafarsa da gawayi. Haka na gada, kuma a nan na ga mafita. Na ce wa masinja duk wanda ya kawo ƙafarsa mutum ne, zan ɗinka masa. Na buhu kuwa na yaƙi ne, ba ruwana da shi. Ya amince nan take, ko gardama bai yi ba. Wannan saurin amincewa bai kwanta mini ba.

Washegari ƙanena ya zo ya taka fata. Diddigensa duk kaushi. Ya ce, "Yaya, ka ƙara kauri, an ce ƙasar duwatsu ce." Na tambaye shi wa za su yaƙa. Ya ce, "Wanda aka nuna mana."

Ranar Asabar sai ga wani sajan soja ya jero sojojin daga bakin hanya har rumfata, kowa yana jiran ya taka fata. Masinja na tsaye gindin bishiyar bedi yana kallo. Ba wanda zan iya kora, tunda ni na kafa sharaɗin. Yawancinsu samarin ƙauye ne. Na ɗinka musu duka.

Bayan sun tafi, mai shela ya zaga kasuwa yana cewa dukawan Tudun Wada sun goyi bayan Sarkin Ingila a yaƙinsa. Ni ban faɗi haka ba, ba kuma wanda ya tambaye ni.

Ƙanena ya dawo da ƙafafunsa lafiya, amma bai taɓa gaya mini abin da suka yi a can ba. Liman ya ci gaba da amsa gaisuwata, sai dai gyaransa ya koma wurin wani baduku a unguwar Gyallesu. Har ya rasu ban ji hukunci daga bakinsa ba.

Saboda haka, mai karatu, ka kai wannan magana wurin malamin da ka amince da shi, ka faɗa masa ita bi da bi yadda na jera ta, kada ka rage kome don tausayina. Ka tambayar mini shi: ƙanena na taimaka, ko yaƙin?