Turken Siminti a Gonar Kakana

Wata ranar Laraba cikin damina, shekarar da na shiga aji huɗu, na kai wa Baba fura gonarmu ta bayan ƙauye, can wajen Anka, sai na tarar da abin da jiya babu shi. Turke ne na siminti, fari fat, an kafa shi tsakanin kunyoyin gero, taku kaɗan daga kukar da aka binne kakana Malam a gindinta. Ba wanda ya ga masu kafa shi. Sawun takalmansu kawai muka gani a laka, kuma kurciyoyin da suka saba sauka a kukar ba su sauka ba ran nan.

Da la'asar maigari ya ce ma'aikatan Tarayya ne, sun auna ƙasa sun ce akwai zinari a wurin. Malamin makarantarmu ya yi wa dattawa bayani a dandali cewa a tsarin mulki manomi nomansa kawai zai yi a sama, abin da ke ƙarƙashi na gwamnatin tarayya ne. Shi ya sa, in ji shi, gwamnoni ke ta kira a rediyo a zauna babban taro na ƙasa, a sake rubuta tsarin, a rage wa Abuja ƙarfi, kowace jiha ta riƙe abin da ke cikin ƙasarta.

Kaka, mahaifiyar Baba, tana cikin tankaɗe sai maganar ta iso gida. Ta ajiye rariya ta dubi Baba. "To Malam da ka kwance wurin nan, shi ma nasu na?" Ba wanda ya yi dariya.

Daga ranar ƙasa ta canza mana. Muka daina haƙa ramukan dara a ƙofar gida. In Inna ta aike ni ɗebo yashin wanke tukunya, sai na yi sallama a hankali kafin in sa hannu. Nakan kwanta a bayan ɗakin Kaka, inda ta binne cibiyoyinmu duka, in kara kunne a ƙasa, in ji wani gunji can nesa kamar ana niƙa. Ita kuwa Kaka ta saro ƙaya da hannunta ta kewaye kabarin, kuma duk Juma'a in Baba ya dawo masallaci da rediyonsa a kafaɗa sai ta tare shi a zaure: "An yi taron, ɗan nan?"

Aka yi taro, aka watse, turken bai motsa ba. Da Kaka ta kwanta ciwo ya yi nauyi, ta kama hannun Baba ta ce, "Ku aje ni kusa da Malam. In sun zo tono, su iske mu mu biyu." Da ta rasu, haka aka yi.

Masu tonon sun zo daga baya, amma ba daga Abuja ba. Samarinmu ne da baƙi daga ko'ina, da diga da buhuna, har gonar ta koma ramuka. Yanzu ina birni, hanyar ƙauyen ba ta biyuwa yadda ake so, kuma har yau nakan ji ana kiran wancan taron a rediyo, da kusan kalmomin da na ji ina yarinya. An ce turken yana nan tsaye, fari kamar da. Kaburburan ne ba wanda ya iya nuna mini inda suke.