Ranar da Na Wuce Yaya

Mu takwas ne masu shiga daji da babur ranar Asabar, kuma doka ɗaya gare mu: ba a wuce Yaya. Ba a rubuce take ba, ba kuma wanda ya taɓa faɗinta da baki. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni shekara goma sha huɗu, kuma shi ya fara tara mu tun lokacin da mutanen Katsina ke mana kallon marasa aikin yi, wai mutum da gemunsa ya bar kwalta ya je yana faɗawa kwazazzabo da gangan. Shi ke gaba kullum. A bayan babur ɗinsa akwai siririyar sanda, a kanta jan ƙyalle, domin idan aka shiga burtali, hanyar shanun nan da ke ratsa tsakanin gonaki, dawa takan rufe mutum har kai, ƙyallen kaɗai kake hange. Inda ya karkata nan kake karkata. Ko babur ɗinka ya fi nasa ƙarfi, haka za ka danne zuciyarka ka bi bayansa, kamar yadda ba ka riga shi sa hannu a kwano.

A farkon wata damina hawan jini ya kayar da shi a wurin aiki. Allah ya taƙaita, ya tashi, baki ya koma daidai, tafiya ta dawo, amma hannun hagu bai dawo duka ba. Mu na gida kaɗai muka san haka. Abokan hawanmu an ce musu zazzaɓi ne mai naci. Hannun hagu kuwa shi ke kama kuloci, kuma a daji ba ka minti ɗaya ba ka taɓa kuloci ba.

Wata huɗu ba mu fita ba, muna jiransa. Da aka fara yankan gero ya aika wa kowa cewa Asabar akwai tafiya.

Na isa gidansa a Ƙofar Ƙaura da sanyin safiya, na tarar yana goge babur a ƙofar gida. Matarsa ta leƙo daga zaure ta yafito ni da hannu.

"Auta, zo ka ji," ta ce. Ni ne autan gidanmu, kuma har na fara furfura sunan bai sake ni ba. "Na yi na yi da yayanka ya ƙi ji. Ya ce in bai fita yau ba, shi ke nan, an san ya ƙare. Don Allah ka tsaya a bayansa, kada ka bari su gane. Ya tafi a gaba, ya dawo a gaba, ko da sau ɗayan nan ne."

"Haba Hajiya, wannan ai ba abin roƙo ba ne," na ce. "An gama."

Da ƙarfina na faɗa, har da dukan ƙirji. Ban san irin wunin da na sayo wa kaina ba.

Muka bi ta Batagarawa, muka sauka daga kwalta muka kama burtali. Yaya gaba, ni na biyu, bakanikenmu a can ƙarshe, don shi ke tsintar duk wanda babur ɗinsa ya mutu. A bayana akwai wani abokinmu mutumin Kudancin Kaduna, ma'aikaci a wani ofis a GRA, muna ce masa Oga. Mutumin kirki ne, amma bakinsa ba ya hutawa ko cikin hular kwano.

Da farko lafiya lau. Ƙasa a daskare, raɓa ba ta gama bushewa ba, ƙyallen Yaya na ta rawa a saman dawa. Har na ce a raina Hajiya ta cika tsoro. Sai muka iso kwazazzabo na farko, inda ruwa ya ci ƙasa ya bar gangare da hawa. Hawa irin wannan da gudu ake ɗaukarsa, a giya ta biyu, ba a waiwaye. Yaya ya kai rabi sai ya rage. Ni kuwa na riga na taso da ƙarfina. Ko in buge shi ko in taka birki a tsakiyar hawa. Na taka. Babur ya tsaya cak, ya yi baya, ya kwanta da ni, salansa, bututun hayaƙin nan, ta manne mini a sha-raɓa. Wayyo Allah! Wanda salansa ba ta taɓa gasawa ba bai san zafi ba.

"Mi ya hwaru, Auta?" Yaya ya ɗago murya daga sama, bayan ya samu ya haye da ƙyar.

"Giya ce ta kuɓuce mini," na ce.

Oga ya fashe da dariya. "Wata huɗu kawai, har ka manta inda giya take?"

Na haɗiye maganar. Abin da na zo yi ke nan, in ɗauki laifi.

Daga nan tafiya ta koma azaba. Yaya sai ya ja, sai ya rage ba dalili, sai ya tsaya. Kuma duk manomin da muka tarar a bakin gona sai ya kashe babur an gaisa. Da ma yana gaida mutane, don gonakinsu muke ratsawa, amma ɗaga hannu ne da "sannunku da aiki" a wuce. Ranar kuwa gaisuwa ce ta zaure. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ƙarshen damina, ya geron bana, tsuntsu bai yi ɓarna ba ko, ya mai gari, ya jikin tsohuwa. Tsohuwar da bai taɓa gani ba! Mu bakwai muna jere cikin rana, hular kwano na dafa mana kai, gumi na shiga ƙunar ƙafata. Ni kaɗai nake ganin abin da yake yi: ya saukar da hannun hagu gefen tanki, yana buɗe yatsu yana rufewa, yana jiran su dawo. Tausayi ya kama ni, haushi ma ya kama ni, kuma gaskiya haushin ya fi yawa. Wa ya aike ka? Wa ya ce dole sai yau, dole sai wannan hanyar?

Faɗuwa ta biyu cikin ƙaya na yi ta, a wata kwana da ya ci birki ba zato. Ina zaune ina zare ƙaya daga hannun riga sai bakanike ya matso, ya rage murya.

"Wai Alhaji lafiya yau kuwa?"

"Lafiya lau. Kulocinsa ne ya yi tauri."

Ka ji wauta. Duk mutanen duniya ban rasa wanda zan yi wa wannan ƙaryar ba sai wanda ya gyara kulocin.

"Ni na sassauta shi ranar Alhamis," ya ce. "Sau biyu ya dawo da ni, wai in ƙara. Yanzu da ɗan yatsa ɗaya ma ana kama shi." Ya dube ni, ya dubi Yaya, ya koma wurin babur ɗinsa.

Rana ta take sosai lokacin da muka iso gulbi. Ruwa ya janye, sai yashi fari fat, mai zurfi, daga wannan gaɓa zuwa waccan. Muka sauka muna rage wa tayu iska. Yashi ba ya son mai tsoro. Ka matsa baya a kan kujera, ka murɗa totur, ka bar tayar gaba ta yi iyo a sama. Da ka rage gudu ta nutse, kan babur ya fara fizgar hannunka hagu da dama. Mai hannu biyu lafiyayyu ma yana jin jiki.

Na matsa kusa da Yaya kamar ina duba tayarsa.

"Yaya, mu zagaya ta gada mana. Rana ta yi."

"Tun yaushe muke zagaye gulbi?" ya ce, ko kallona bai yi ba.

"To a bar ni in fara shiga in duba zurfinsa."

Sai a lokacin ya dube ni. "Hau babur ɗinka, Auta."

Ya shiga a giya ta ɗaya, ƙafafu biyu a ƙasa yana dogarawa. Giya ta ɗaya, a yashi! Na bi shi ina ta wasa da kuloci don kada in hau kansa, injina na kuka, tayar baya na tono. Ba mu kai kashi ɗaya cikin uku ba kan babur ya fizge, na tafi da fuska. Yashi a baki, yashi a hanci, yashi a kan ƙunar nan da ta riga ta tashi ta fashe. Na ɗago ina tofarwa, sai na ji muryar Oga daga baya.

"Auta, Alhaji na gaida manoma, kai kana gaida ƙasa! Sau uku ke nan!"

Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, na sani. Amma wallahi a lokacin idona ya rufe. Ni da na fi kowa iya yashi a cikinmu, ni aka mayar abin wasa tun safe, ƙafa na ci da wuta, kuma ba dama in buɗe baki in ce ga dalili. Na ɗaga babur, na buga, na sa ta biyu, na murɗa totur har ƙarshe. Na fita ta damansa. Na ga ƙyallen ya zo daidai kafaɗata, ya koma baya. Tayata ta watsa masa yashi a jiki.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Babur ya tashi sama-sama, iska ta shiga rigata, a karo na farko tun safe na yi numfashi. Na haye gaɓa na juyo ina huci, a raina ina cewa to, a gani, wa bai iya ba.

Sai na ga abin da na yi. Oga na tafe a kan sawuna. Bayansa wani, bayansa wani, har su biyar, kowa na wuce Yaya ta dama da hagu. Ba raini suka yi ba. Sun ga ƙaninsa na jini ya wuce, suka ɗauka shi ya yi mini izini. In ba don ni ba, ko a mafarki ba wanda zai fara.

Suka haye suka jeru kusa da ni, muka juya muna kallon gulbi. Yaya na can tsakiya, babur ya mutu masa. Ya kai hannun hagu zai kama kuloci, yatsun suka ƙi rufewa. Ya sake, suka ƙi. Sai ya miƙo hannun dama, ya tsallako da shi ta saman tanki, ya kama kulocin da shi. Fili ne fetal, ba dawa, ba bishiya, ba abin da zai kare shi. Kowa ya gani. Oga ya cire hular kwanonsa a hankali, ya ce, "Ya Allah."

Bakanike ne ya jingine nasa babur ya tura na Yaya har gaɓa. Na yunƙura zan sauka in taimaka, Yaya ya ɗaga mini hannu daga nesa, alamar in tsaya inda nake.

Muka zauna a gindin wata tsamiya. Aka miƙa masa ruwa ya sha, ya wanke yashin da ke gemunsa. Na durƙusa a gabansa.

"Yaya, don Allah ka yi haƙuri. Zuciya ce ta..."

"Ka iya yashi, Auta," ya ce. "Ai ni na koya maka."

Ya tashi ya nufi babur ɗinsa, ya kwance sandar da ƙyallenta, ya kawo ta bayan nawa babur ɗin.

"A'a Yaya, wallahi a'a."

"Tsaya mana."

Da hannun dama da haƙori ya ɗaure ta. Ya daɗe yana yi, igiyar na zamewa yana sakewa, mu bakwai muna tsaye ba wanda ya isa ya sa masa hannu. Da ya gama ya ɗan girgiza sandar ya ga ta zauna, ya ce a tashi, a bi ta gada.

Ni na ja mu zuwa gida. Ban taɓa jin tafiyar da na tsana kamar wannan ba. A madubi ina ganinsa na biyu, daidai inda nake tsayawa shekara da shekaru. Da muka shigo gari kowa ya kama hanyarsa, sallama ma a gajarce aka yi ta, muka rage mu biyu.

A bakin lungunsu na tuna da Hajiya. Na san tana jin ƙarar babur za ta fito zaure. Na ce ko ba komai ta ga ya shigo a gaba, sauran bayani ya biyo baya. Na gangara gefe na tsaya, na yi masa hannu ya wuce. Ya zo ya tsaya a bayana. Na sake yi masa hannu. Bai motsa ba.

"Wuce mana, Yaya. Gidanka ne fa."

Ya ɗaga gilashin hularsa. Ba fushi a fuskarsa, da ma akwai da na fi samun sauƙi.

"Ba a wuce mai ƙyalle," ya ce. "Mu tahi."

Na shiga lungun a hankali, yana biye da ni. Hajiya na tsaye a bakin zaure da kofin ruwa a hannu. Ta dubi babur ɗin gaba, ta dubi jan ƙyallen da ke bayansa, sannan ta dube ni. Ta ratsa ta gefena ta kai wa mijinta ruwan.